Kanwa Ba Fotash Ba Ce, A Mayar Mata Da Sunanta

Duk wanda aka taɓa ɗibar wa jini a asibiti don a duba gishirin jikinsa ya ga layi biyu a jere a kan takardar sakamako, ɗaya an rubuta Na, ɗaya an rubuta K. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai ce na farkon sodiyam ne, na biyun fotasiyam. A ina sodiyam ya samo harafin N, alhali babu shi a sunansa? Ɗaliban sakandare haddace shi kawai suke yi su wuce. Amsar tana cikin wata tsohuwar kalma da ba a cika ji ba yanzu, wato natron, kuma abin da kalmar ke nufi yana nan a kusan kowane madafi na ƙasar Hausa, a ƙulle cikin leda kusa da daddawa. Kanwa ce.

Ra'ayina shi ne mun yi sake an laƙaba wa kanwa sunan da ba nata ba. A littattafan makaranta, a jaridu, a shirye-shiryen lafiya, har a jikin ledar garin kanwa da ake sayarwa a kantuna, in an tashi faɗin sunanta na boko sai a ce fotash. Wannan kuskure ne, kuma kuskure ne mai iya taɓa lafiyar mutum. Sunan kanwa a kimiyya natron ne, ko turona in ana maganar mai tauri da ake haƙowa falle-falle.

Kalmar ta girmi Turanci da Larabcin da muka sani. Misirawan zamanin Fir'auna ne suka fara kiran wannan farin gishiri da wani suna mai baƙaƙe n, t, r. Suna kwaso shi daga wani kwari da ke kimanin kilomita 100 arewa maso yamma da Alƙahira, wanda har gobe sunansa Wadin Naɗrun. Tafkunan da ke cikin kwarin kan janye da rani su bar ɓawon gishiri a gefe. Da shi suke wanki da wanke baki, da shi suke busar da gawar da za a adana: a binne ta cikin natron kimanin kwana 40 har ya zuƙe ruwan jikin, aikin gaba ɗaya ya ci kwana 70. Maƙeran gilashi na daular Rum ma da shi suka dogara ƙarnuka da yawa, domin yashi kaɗai ba ya narkewa sai da zafin da tandunsu ba zai kai ba, amma in an gauraya shi da natron sai ya narke da sauƙi.

Girkawa suka ari kalmar suka ce nitron, Rumawa suka ce nitrum, Larabawa suka ce naɗrun. Daga nan ta rabu gida biyu, kuma wannan rabuwa ta haifi abin mamaki. A Turai, sannu a hankali sunan nitrum ya zame daga kan kanwa ya koma kan gishirin da ake haɗa albarushi da shi. Da aka zo raɗa wa iskar da ke cikin wannan gishiri suna, wani Bafaranshe mai suna Jean-Antoine Chaptal ya kira ta naitirojin a 1790, ma'ana mai haifar da gishirin albarushi. Ita kuwa siffar Larabci ta shiga harsunan Turai a matsayin natron, ta tsaya a kan ma'anarta ta asali. Ke nan harafin N da manomi ke gani a buhun taki da Na da ke takardar asibiti, kakarsu ɗaya, kuma kakar nan sunan kanwa ce.

Fotash labarinsa daban. Kalma ce ta mutanen arewacin Turai, ma'anarta tokar tukunya. A ƙona itace, a jiƙa tokar, a tace, a dafa ruwan a tukunyar ƙarfe har ya ƙone, farin abin da ya rage a gindi shi ne fotash. Mu ma muna da shi, kuma ba mu taɓa kiransa kanwa ba. Ruwan toka ne, wanda mata ke tsiyayowa daga tokar karan gero ko na dawa, wanda ake dafa sabulun salo da shi, wanda marina ke buƙata a rijiyar baba. Larabawa kuma suna kiran tokar wasu tsirrai na bakin teku alƙalyu, daga nan aka samo kalmar alkali ta darasin kimiyya da kuma harafin K. (Ba ta da dangantaka da alƙalin kotu, shi daga wata kalmar Larabci daban mai nufin mai shari'a ya fito, kamar sauti ne kawai ya haɗa su.)

Turawan da kansu sun daɗe suna ɗaukar abubuwan biyu abu ɗaya ne, tunda duka suna da santsi a hannu, duka suna kashe tsami, duka suna yin sabulu. Sai a 1736 wani masani a Faransa, Duhamel du Monceau, ya nuna cewa tushensu ba ɗaya ba ne. A watan Oktoba na 1807 Humphry Davy a Landan ya ratsa wutar batir cikin sinadarin da aka tace daga toka, sai ga ƙananan ƙwallaye masu sheƙi kamar zaiba suna fitowa, wasu na kamawa da wuta nan take. Ya sa wa wannan ƙarfe suna fotasiyam. Bayan 'yan kwanaki ya yi haka da soda ya sami ƙarfe na biyu, ya kira shi sodiyam. Masanan Jamus ba su karɓi waɗannan sunaye ba, suka gwammace su ciro nasu daga natron da kali, wato alƙalyu ɗin Larabawa. Da Berzelius na ƙasar Suwidin ya tsara haruffan sinadarai a 1814, sai Na da K suka zauna, kuma su duniya ke amfani da su har yau. Bajamushe har yanzu natriyum yake cewa, Barashe kuma natri. Likita a Kano ko Damagaram, in sodiyam na jinin mara lafiya ya sauka ƙasa da 135 a takardar sakamako, sunan da zai rubuta wa ciwon haiponatiremiya ne, kuma natron ce a tsakiyar kalmar. Ba ta mutu ba, ɓuya ta yi.

Yau shekara fiye da 200 ke nan da aka raba gardamar, amma mu muna nan a kan kuskuren. Turawan mulkin mallaka sun tarar da fatake na sauke kanwa a kasuwannin Kano da Bida da Ilori, suka riƙa rubuta ta da sunan fotash a takardunsu, sunan ya bi Turancin Najeriya ya zauna daram. Abin lura, a Nijar da Chadi ba a yi wannan ɓatan kai ba, Faransanci natron yake ce mata. Wani babban rami na dutse mai aman wuta a tsaunukan Tibesti, da farin ɓawo shimfiɗe a gindinsa, sunansa a taswira Ramin Natron. Kaya ɗaya ne ke tsallako iyaka a bayan mota ɗaya, a Diffa yana da sunansa na gaskiya, ya iso Gaidam ya koma wani abu.

Mene ne a cikin kanwa? Yadda take samuwa ma ya isa ya ba da amsa. A ƙasar Manga, da kwarurrukan da ke tsakanin tuddan yashi a arewacin Yobe, da gabashin Tafkin Chadi wajen Liwa, da Dallol Bosso, ruwan ƙasa yana kusa da sama kuma ba shi da mafita sai rana. Yana tururi yana barin abin da ya ɗauko. Sinadarin alli ne ke fara zama ya rabu da ruwan, sai a bar sodiyam da kabonet suna ta kauri shekara bayan shekara. Wanda ya fito sama ya yi ɓawo a kankare shi, wanda ya daskare cikin taɓo a sare shi da gatari a ciro shi kamar faifai, irin ungurnu. Gundarin abin shi ne turona, wato gamin sodiyam kabonet da sodiyam baikabonet da ɗan ruwa a cikin ƙwayar. Na farkon shi ne sodar wanki, na biyun shi ne bakin soda da masu cincin da kek ke saye a ƙaramin gwangwani. Sauran kuwa gishirin miya ne, da sodiyam salfet, da yashi da laka, gwargwadon ramin da aka haƙo. Jar kanwa da farar kanwa sun bambanta a launi da ƙarfi saboda abin da ya gaurayu da su, amma ta fuskar sodiyam duk kanwar ja ce. Fotasiyam in ma akwai, ɗan kaɗan ne.

Ba sai an je ɗakin gwaji ba kafin a ga bambancin. A matsa lemun tsami a kan kanwa za ta yi kumfa, amma wannan bai raba gardama ba, don busasshen ruwan toka ma zai yi. Gwajin da ke rabawa shi ne na damshi. A ajiye gutsuren kanwa da garin fotash na gaskiya a faranti biyu a buɗe cikin watan Agusta. Fotash zai zuƙi ruwan iska ya jiƙe, har ya zama ruwa-ruwa, kanwa kuwa tana nan a bushe, shi ya sa take shekara a buhu a rumfar kasuwa ba ta narke ba. Na biyu, a barbaɗa ɗan garin kanwa a kan shuɗin harshen wutar gas: zai koma rawaya mai haske, launin sodiyam ke nan, na fotasiyam kuwa shunayya ne mara ƙarfi. Na uku masu sabulu sun san shi tun kaka da kakanni. Ruwan toka sabulu mai laushi yake bayarwa, shi ya sa sabulun salo ke narkewa in an bar shi a jiƙe, soda kuwa sabulu mai tauri take yi, na sanda.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Mai saye ya san abin da yake nema, mai sayarwa ya san abin da zai miƙa, suna ai suna ne. Da a kasuwa maganar ta tsaya da na yarda. Amma Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma wannan linzamin yana jan mutane zuwa inda bai kamata ba, musamman yanzu da kowa ke neman bayanin lafiya a wayarsa.

A ɗauki mai hawan jini. An ce masa ya rage gishiri, kuma ya karanta, daidai ne kuwa, cewa fotasiyam na abinci irin na ayaba da wake da ganye yana taimakawa wajen sauke jini. Sai ya ga an rubuta kanwa fotash ce. Me zai hana ya ɗauka ya sami magani a araha? Ga lissafin. Gishirin miya kashi 39 cikin 100 na nauyinsa sodiyam ne. Turona tsantsa kashi 30 da ɗoriya. Ƙaramin cokalin shayi na garin kanwa mai kyau, a shafe, kimanin giram 5, yana iya ɗauke da sodiyam har giram ɗaya da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 2 na sodiyam a yini, daidai da giram 5 na gishiri, kuma wannan ya haɗa da duk abin da ya shiga baki: gishirin miya, dunƙulen ɗanɗano, burodi, taliyar leda. Cokali ɗaya na kanwa ya cinye kusan kashi uku cikin huɗu na rabon yini, kuma harshe ba zai yi gargaɗi ba, domin kanwa ba ta da zartsin gishiri, ɗaci-ɗaci ne da ita. Matar da ta rage gishiri a miyar maigida mai hawan jini amma tana jefa kanwa a wake da kuka da ɗanwake ta yi rabin aiki ne ba ta sani ba, kuma ba laifinta ba ne, ba wanda ya gaya mata.

Haka mai jiƙa kanwa ya sha don ƙwannafi. Karin maganar gaskiya ta faɗa, kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta. Sai dai a san yadda take kashe shi. Ruwan tsamin ciki in ya haɗu da kanwa abu uku ke fitowa: ruwa, da iskar da ke sa gyatsa, da gishirin miya, shi kansa, ba wani mai kama da shi ba. Wanda ya mayar da wannan al'ada kullum bayan tuwon dare gishiri yake sha, alhali abin da ke haddasa ƙwannafin yana nan ba a taɓa shi ba.

Inda abin ya fi tsanani shi ne ɗakin mai jego. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara in an kwanta. Suka danganta abin da al'adun jego: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa mai yawa. Bayanin a fili yake. Sodiyam yana riƙe ruwa a jiki, ruwan jini ya ƙaru, zafi kuma ya buɗe jijiyoyin fata, zuciyar da ta riga ta gaji da ɗawainiyar ciki ta sami aiki biyu. Binciken da aka yi daga baya, musamman a Kano, ya nuna akwai wasu dalilai, har da ƙarancin sinadarin seleniyam da rashin abinci mai gina jiki, kuma ciwon na kama matan da ba su sha kanwa ba. Saboda haka ba na cewa kunun kanwa kaɗai ne mai laifi. Amma macen da ta haihu da hawan jini, ko ƙafarta ke kumbure, ko take haki, ɗura mata sodiyam kwana 40 ganganci ne, kuma ungozoma ko ma'aikaciyar asibitin da ta koyi cewa kanwa fotash ce ba ta da dalilin da zai sa ta haɗa ta da gargaɗin gishiri.

Kuskuren yana cizo ta ɗaya gefen ma. Mai ciwon ƙoda ana hana shi fotasiyam, domin in ya haura 5 da wani abu a sakamakon gwajin jini yana iya rikita bugun zuciya. Shi ruwan toka ne babban haɗarinsa, wanda wasu ke ɗauka sassauƙan madadin kanwa ne. In sunaye sun cakuɗe, ta yaya za a yi masa bayanin da zai gane?

A gona kuma, K da ke buhun NPK fotash ne na gaske. Buhu mai kilo 50 na 15-15-15 yana da kilo 7 da rabi na wannan kaso. Manomin da taki ya yi wa tsada, ya ji an ce kanwa fotash ce, ya niƙa ya watsa, ya sayi wahala da kuɗinsa. Sodiyam yana wargaza dunƙulen laka, ƙofofin ƙasa su toshe, ruwa ya kwanta a sama, in ta bushe ta zama fako. Masu noman rani da suka ga farin ɓawo na fitowa a bakin kunya sun san abin da nake nufi, kuma gyaransa sai an zuba jifsam, wani farin ma'adini mai sinadarin alli, an wanke ƙasar da ruwa mai yawa, in akwai magudana. Ga dabbobi kuwa labarin ya juya: ciyawa cike take da fotasiyam, sodiyam ne ke ƙaranci, shi ya sa makiyayi ke ba shanu kanwa kuma yana da gaskiya. Amfaninta a wurinsu ma hujja ce cewa ba fotash ba ce.

Kada a fahimce ni a kan ina yaƙi da kanwa. Ba a banza aka ce mata uwar gami ba. Tana sassauta ƙwayar wake ya nuna da wuri, itace ya yi saura. Tana riƙe koren ganye, tana fito da yauƙin kuɓewa, tana karya tsamin yakuwa. Abin da ake buƙata shi ne sanin hannu. A jiƙa gutsure kamar ƙwayar gyaɗa, wanda bai fi giram ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, a ɗan ruwa, a bari yashi da laka su kwanta, a tsiyaye ruwan sama kaɗai a tukunya. Wannan in an raba shi ga mutum shida ba wani abu ba ne. A kuma sani ƙarfinta na ƙaruwa a kan wuta, domin tafasa na mayar da baikabonet ya koma kabonet, wanda ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba, shi ya sa wadda ta ɗanɗana da farko ta ce bai ji ba ta ƙara takan ƙare da miya mai ɗaci da santsin sabulu. In ta yi yawa wake ya dame ya yi duhu, bitamin B1 da ke cikinsa ya lalace, bitamin C na ganye ya tafi, tukunyar alminiyam ta fara zaizayewa, ciki kuma ya ɗauka. Wanda ya jiƙa wakensa tun dare sau da yawa ba ya ma buƙatarta.

Gyaran sunan ba ya cin kuɗi. Malamin kimiyya da ya zo kan Na, maimakon ya ce a haddace, ya shigo aji da gutsuren ungurnu ya ce wa yara ga abin da harafin ke nufi, ya ba su labarin Wadin Naɗrun da Manga. Masu fassara labaran lafiya a rediyo su bar kanwa a kanwa, ruwan toka a ruwan toka, in dole sai an kawo sunan boko a ce natron. Masu ƙulla garin kanwa a leda mai tambari su cire fotash, su rubuta yawan sodiyam da ke cikin kowane cokali, hukumar da ke ba su lambar rajista kuma ta tilasta hakan kamar yadda take yi wa sauran kayan abinci. A asibiti kuwa, duk takardar shawara da ake bai wa mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai ciki a wurin awo, inda aka rubuta a rage gishiri da dunƙule, a ƙara kalma ɗaya a layin: kanwa.